Turakun Nyandu Suna Tafiya

Shekara goma sha tara Nyandu Hamani yana auna gaɓar kogin Isa, wato Kwara, a Gandatunga, garin da aka binne cibiyarsa, kuma a duk shekarun nan bai taɓa yarda ido ya fi igiyar awo gaskiya ba. Irin ma'aikatan safiyon nan ne masu taurin kai, waɗanda in ka ce musu rana ta fito sai sun buɗe littafi sun duba. Da hannunsa ya kafa turaku shida na siminti a bakin kogin, kowanne da ƙusa a ka, kowanne mita talatin daga inda ƙasa ta ƙare. Duk bazara in ruwa ya ja baya sai ya taso daga ofishinsu na Yamai, ya maƙala igiya a ƙusa, ya ja ta har bakin gaɓa, ya rubuta. Abin da ya ragu daga talatin ɗin nan shi ne abin da kogi ya ci.

Littafin da yake rubutun a ciki, mai baƙin bango, shi ne duk abin da ya tara a duniya. Bai gina bene ba, bai sayi mota ba, amma a ofis in ana son a ce abu ya tabbata sai a ce, ai yana cikin littafin Nyandu. Saura wata uku ya ajiye aiki, kuma sunan nan kaɗai yake so ya fita da shi.

Ya biya sunan da tsada. Littafin ya nuna kogi ba ya cin ko mita ɗaya a shekara a Gandatunga. Shi ya sa shekara biyar da suka wuce, da aka zo zaɓen garuruwan da za a yi wa katangar duwatsu a cikin ragar waya, garinsu ya zo na tara, aka kai katangar Benetunga. Dattawa suka bi shi har Yamai suna roƙo ya ɗan ƙara wa lambar gishiri. Ya ce ko uwarsa ce ta taso daga kabari ba zai ƙara rabin taƙi ba. A damina ta gaba ɗakin bayan yayarsa Gambi ya rufta cikin ruwa da rumbunta a ciki. Tun daga ranar, in ya gaishe ta sai ta amsa tana kallon wani wuri.

Mutum ɗaya ne bai juya masa baya ba, Kimba, ɗan kawunsa, taubashinsa, wanda ya damƙa wa amanar turakun tun ranar da aka kafa su. A gidansa yake sauka, shi ke riƙe masa bakin igiya. Kuma a ƙasar Zabarmawa taubashi, wanda suke kira baso, ba abin wasa ba ne ko da yake wasa ne aikinsa. Zai zage ka a tsakiyar kasuwa, ya cire maka hula a gaban surukanka, kuma ba ka da izinin fushi.

Bana Nyandu bai zo shi kaɗai ba. Ofis ya haɗa shi da wata injiniya, Zalika Maru, wadda ta zo da na'urar leza a cikin akwati mai ruwan ɗorawa. An ce za a gwada tsohuwar hanya da sabuwa a ga yadda suka dace. Shi dai ya san ma'anar wannan magana: igiyarsa ake so a ajiye. Tun daga Yamai har Kollo bai ce da ita uffan ba, sai da ta miƙo masa ruwa ya ce ya gode.

Suna sauka daga mota Kimba ya fito daga rumfarsa yana share hannu a riga, ƙato, mai gibi, muryarsa kamar ta mai kiran kasuwa.

"Kai! Bawana ya iso! Mata, ku ɓoye tukwane, mayunwacin Yamai ya zo. Wannan kuma fa? Sabuwar uwargijiya ka samo ba ka gaya mini ba?"

"Rufe mana baki, mai warin kifi," in ji Nyandu, fuskarsa ta saki a karo na farko tun safe. "Madam, kada ki ba shi hannu, wata uku za ki yi kina wankewa."

"Madam, nawa za ki saye shi? Araha zan yi miki. Ba ya noma, ba ya su, sai cin dambu da jan igiya."

Zalika ta yi dariya har da riƙe ciki. Aka kawo dambu da zogale da gasasshen kifi, suka ci a inuwa. Suna wanke hannu Nyandu ya yi tambayar da yake yi duk shekara.

"Yaya 'ya'yana?"

Haka mutanen gari ke kiran turakun, 'ya'yan Nyandu.

"Kai dai bari," in ji Kimba. "'Ya'yan nan naka ba sa zama wuri ɗaya. Bana na ukun nan taku uku ya yi. Ni nake goya su."

"Ai gadon yawon banza suka yi wajen kawunsu."

Suka tafa. Shekara da shekaru ke nan suna wannan raha, kalmominta ma ba su cika canzawa ba.

Da rana ta ɗan karkata suka sauka bakin kogi. Gaɓar Gandatunga shimfiɗaɗɗiya ce, lambunan albasa da kabewa ne jere da juna, da shingayen kara waɗanda ake sakewa duk shekara. Ba dutse, ba babbar bishiya, ba abin da ido zai riƙe ya ce nan ne wurin bara. Nyandu ya maƙala igiyarsa, Kimba ya ja bakinta, ya karanta, ya rubuta. Zalika kuwa ta kafa na'urarta a kan ƙafafu uku, ta danna, kan na'urar ya shiga juyawa yana ɗan kuka. Ta ce haske yake harbawa, ɗigo dubu ɗari-ɗari, kowane ɗigo ya taɓa ƙasa ya dawo ya faɗi nisansa. Kafin Nyandu ya gama turke na biyu ta riga ta ɗauke gaɓar gaba ɗaya, har da ramukan tsuntsaye a jikinta.

"Baba, nawa ka samu a na uku?"

"Sha shida da ɗigo biyu."

Ta duba allonta. "Sha shida da ɗigo biyu da ɗan kaɗan. Bambancinmu bai kai yatsa biyu ba."

Daɗi ya kama Nyandu har ya rasa inda zai sa kansa. Ya gyara hula, ya dubi kogi. "To kin gani. Akwatin miliyoyi ya zo ya tarar da abin da igiyar jaka biyar ta sani."

"Hannunka da kyau, Baba, wallahi." Ta miƙo hannu. "Ara mini shafin farko. Ina so in ɗora tsohon wurin a kan sabo."

A shafin farko ne ya rubuta mazaunin kowane turke, wanda ya auno a shekarar farko daga tsohuwar alamar gwamnati da ke kan dutse, tafiyar kilomita biyu daga gari. Aikin kwana huɗu ne da mutum uku, kuma tun daga lokacin bai sake yin sa ba. Me zai sa ya sake? Siminti ba ya da ƙafa. Zalika ta ɗauki mota ta tafi dutsen da wata ƙaramar na'ura mai karɓar saƙo daga tauraron ɗan'adam, ta dawo, ta ɗora sandarta a kan ƙusar kowane turke. Ta daɗe tana kallon allo. Ta sake komawa turke na uku, ta sake ɗorawa.

"Baba, zo ka gani."

A kan allon ga gaɓa nan fes, ga turakun yau, farare shida. Ga kuma jajayen ɗigo shida a can gefe.

"Waɗannan jajayen fa?"

"Nan ne inda littafinka ya ce ka kafa su."

Jajayen duk a cikin ruwa suke. Na ukun yana mita ashirin da biyar daga gaɓa, daidai inda wani masunci ke jefa birgi a lokacin.

"Na'urarki ta sha rana," in ji Nyandu. Muryarsa ta fito da kaushi.

"Sau uku na duba. Turken nan ya matso mita arba'in da ɗaya. Kogi bai ci sha huɗu ba, Baba. Hamsin da biyar ya ci."

Ya karɓi fartanya a hannun wani mai lambu ya shiga haƙa gindin turken da kansa, yana haki, zufa na ɗiga daga gemunsa. Ya san abin da ya binne: gindi mai faɗi, zurfin mita guda, da ƙarafa huɗu. Bai yi taƙi biyu ba fartanya ta wuce ƙarƙashi. An sare gindin da kurfi, ƙarafan sun yi tsatsa a inda aka yanke su, an cusa fasassun bulo an danne da laka. Ya tura turken da tafin hannu, ya yi girgiɗi kamar haƙorin tsohuwa.

Ya ɗaga kai neman Kimba. Kimba ba ya nan, bakin igiyar na yashe a ƙasa.

Mutane sun fara taruwa. A cikinsu har da Gambi, ta taso daga lambu da kwandon albasa a ka. Ta tsaya tana kallon ƙanenta a durƙushe cikin rami.

"Me kake tonowa kuma? Bai dasa maka shi daidai ba ne?"

Shekara biyar rabon da ta yi masa magana mai tsawon wannan.

"Wa, Yaya?"

"Kimba mana. Ba kai ka sa shi ba? Duk shekara in ruwa ya sauka yakan zo da amalanken jaki ya ja su baya, ya ce ka ce kada a bari kogi ya tafi da kayan gwamnati. Ni ma na sha ba shi ruwa yana aikin."

Masu lambu suka gyaɗa kai. Kowa ya gani, da rana tsaka ake yi, har sannu ake yi masa. Ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa turken da aka tsirar daga ruwa ya tashi daga aiki. Nyandu ya gaya musu a taƙaice abin da hakan ke nufi, da abin da ya jawo wa garin. Gambi ta sauke kwandonta a hankali.

"Na ce maka kogi na cin mu," ta ce. "Na kama hannunka na kai ka inda bishiyar gawon babanmu take a da, na ce ga wurin can ruwa ya rufe. Ka ce mini ido maƙaryaci ne. Ciki ɗaya muka fito, Nyandu, amma ka gaskata siminti ka ƙaryata ni."

Nyandu ya fito daga ramin ya nufi cikin gari da ƙasa a gwiwoyinsa.

Ya sami Kimba a rumfa yana ɗinkin koma, wai shi mai aiki. A jikin ginshiƙin rumfar akwai wata tsohuwar igiyar rama a rataye, wadda Nyandu ya sha gani bai taɓa kula ba. Yau ya sauko da ita ya warware. Ƙulli ne a jikinta a jere, tsakanin kowane biyu bai kai mita ba. Ya ƙirga, goma sha shida, ƙulli ɗaya duk shekara: da ita Kimba ke auna inda zai dasa turke daga bakin gaɓa. Da ma yana ta roƙon Allah a hanya ya zama rashin sani ne. Mutumin da bai sani ba ba zai riƙa rage wa kogi ɗan abin da za a yarda da shi duk shekara ba.

"Ranar da muka kafa su me na ce maka?"

Kimba bai ɗago ba. "Ka ce in ɗaya ya gusa da faɗin yatsa, duk aikin ya zama ƙarya."

"Ashe ka ji."

"Na ji. Kai ma ka ji abin da ake faɗa a shekara ta huɗu? An ce duk garin da kogi ke ci fiye da mita biyu za a tashe shi a kai shi kan fako. Shekarar nan biyar ya ci, Nyandu, biyar! Ka ga inda aka kai mutanen ƙetare? Ba ruwa, ba kifi, sai tsakuwa da kunama. Ni ɗan ruwa ne, me zan yi a kan fako? Kuma na san ka. Da ka ga biyar, biyar za ka rubuta, ko da kabarin kakanmu za a bari a baya."

"Da zan rubuta."

"To ka gani! Garin na tsare."

"Na ji wannan," in ji Nyandu. "Wallahi har na kusa fahimta. To da magana ta juya fa? Da aka daina zancen tashi aka zo da katanga? Kana zaune a nan dattawa suka tafi Yamai suna roƙona. Kana nan ɗakin Gambi ya faɗa ruwa. Kana nan aka daina amsa sallamata a masallacin garin ubana. Kalma ɗaya, Kimba. Da ka kira ni gefe ka faɗi kalma ɗaya, da kwana huɗu sun ishe ni in sake awon daga dutse."

"Da sun kashe ni."

"Sai ka bari suka kashe ni."

Kimba ya ajiye komar. Ya yi ƙoƙarin murmushi, gibinsa ya bayyana. "Amma tsakani da Allah, na taɓa ɓoye maka? Duk shekara ina gaya maka 'ya'yanka suna tafiya. Na ce ni nake goya su. Kai ne dai kunnenka na jaki."

Wannan ce ta fi yi wa Nyandu ciwo, fiye da katangar, fiye da littafin. Gaskiya ne, an gaya masa, sau goma sha shida, a gaban shaidu. Mutumin ya ɗauki gaskiya ya zuba ta a cikin wasan taubashi, inda ya tabbata ba za a taɓa ɗaukarta da gaske ba, ya sauke nauyin a ransa, ya kwana lafiya. Shi kuma yana ta ƙyaƙyata dariya yana tafa masa. Ya ji kunya, ya ji baƙin ciki.

"Haba bawana," in ji Kimba, murya ta yi ƙasa. "Bawa ba ya fushi da ubangidansa. Ka san haramun ne tsakaninmu."

Nyandu ya naɗe igiyar, ya mayar da ita inda ya ɗauko ta, ya fita.

Da safe Zalika ta same shi zaune a bayan mota da littafin a cinya. Yarinyar kirki ce, ta rasa ta inda za ta fara. Ta ce da sabon awon za a iya mayar da Gandatunga saman jeri, ko da yake aikin katanga ya riga ya ƙare, sai in an sake samun wani, kuma ba ta san yaushe ba. Amma dole rahoto ya faɗi dalilin da ya sa awon shekara goma sha shida ya rushe.

"In muka rubuta sunansa, taɓa alamar gwamnati laifi ne, jandarma za su zo. In ba mu rubuta ba..."

"Sai a ce Nyandu ne."

"Baba, ba adalci ba ne. Awonka daidai yake, na gani da idona."

"Daidai daga ina?" ya ce. "Kawo biro."

Ya buɗe shafin ƙarshe ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa na 'yan makarantar da: turakun sun gusa daga mazauninsu, ma'auni bai sake duba su daga alamar dutse ba ko sau ɗaya, kada a yi aiki da lambobin wannan littafi daga shekara ta huɗu zuwa yau. Ya sa hannu, ya sa kwanan wata. Ba ƙarya a ciki, ko a nan bai iya ƙara gishiri ba. Ya miƙa mata littafin bai sake kallonsa ba.

Gambi ta aiko da albasa rabin buhu aka sa a mota. Ba ta zo da kanta ba, amma ta aiko.

Direba ya tayar da mota ke nan sai ga Kimba da ƙullin busasshen kifi, kamar yadda yake kawowa duk shekara. Mutane na tsaye suna kallo. Ya ɗaga murya yadda ya saba.

"Kai bawa! Za ka gudu ba ka yi wa ubangidanka sallama ba? Karɓi, kai wa matarka, na san yunwa kuke kwana da ita a Yamai."

Duk garin sun san amsar da ke biyo baya, wani abu game da warin kifi ko gibin haƙori. Nyandu ya sauko daga mota. Ya gyara rigarsa, ya karɓi ƙullin da hannu biyu, ya ɗan rusuna yadda ake yi wa mai masaukin da ba a sani ba.

"Alfa Kimba, mun gode da karɓar baƙi. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. A gaida iyali."

Fuskar Kimba ta canza. Tun suna yara tsirara a bakin kogin nan Nyandu bai taɓa kiran sa Alfa, wato Malam, ba, bai taɓa yi masa godiya ba.

"Baso," ya ce a hankali. "Zage ni mana."

"Allah ya huci zuciyarka, Alfa. Ni wa, in zagi babban mutum?"

"Don Allah, Nyandu. Ko mai warin kifi ka ce."

Nyandu ya koma mota, ya ɗora kifin a cinya inda littafin yake ɗazu, ya ce wa direba su tafi kada rana ta yi musu a hanya.